Fazzan: Abincin ƙwayar Vibrio ne ke sa ta zuba guba, a tafkin kifi ko a jikin mutum

A watan Yulin 2024 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, ta fitar da rahoto inda ta yi gargaɗin cewa ƙwayoyin cutar da ake kira Vibrio za su ƙara yawa a cikin abincin teku saboda ɗumamar ruwa. Ba a yi wata guda ba, masu bincike a birnin Barcelona suka sanar cewa a ranar 15 ga watan Agusta zafin saman tekun Bahar Rum ya kai digiri 28.9, adadin da ba a taɓa aunawa ba kafin nan.

Ga ɗan ci-ranin da ya taso daga Damagaram, Tawa ko Daura yana ban-ruwa a gonakin Samnu, Zighan ko Tamanhint, garuruwan Wadi Bawanis da ke arewa maso gabas da Sabha, wannan labari ne na mutanen gaɓar teku. Daga nan zuwa Tarabulus tafiyar sama da kilomita 700 ce a mota, kuma Bahaushe ba ya cin naman ruwa ɗanye kamar Bature. Sai dai binciken da aka tara cikin shekaru 40 da suka wuce ya nuna cewa nisa da teku ba shi kaɗai ke kare mutum ba. Ƙwayar tana iya zama lami lafiya a wuri guda, ta zama mai kisa a wani wuri, kuma abin da ke sauya mata hali shi ne irin abincin da ta tarar. Wani abincin yana cikin tafkin kifi, wani kuma yana cikin jinin ma'aikacin da ya tsoma hannu a tafkin.

Ƙwaya ɗaya, hali biyu

Vibrio dangi ne na bakteriya masu son ruwan gishiri mai ɗumi. Sun fi kala 100, amma kusan goma sha biyu ne kawai ke cutar da ɗan Adam, kuma uku suka fi suna. Ta farko kowa ya san ta, ita ce mai kawo kwalara. Ta biyu, Vibrio parahaemolyticus, wani masani ɗan Japan mai suna Tsunesaburo Fujino ne ya gano ta bayan mutum 272 sun kwanta, 20 suka mutu, a yankin Osaka a 1950 sakamakon cin ƙananan kifi da ba su gama bushewa ba. Ta uku, Vibrio vulnificus, ba ta cika kama mutane da yawa ba, amma idan ta kama ba ta wasa.

A cikin ruwa waɗannan ƙwayoyi suna manne wa jatan lande da ƙaguwa da ƙananan halittu masu ɓawo da ido ba ya gani sosai, domin ɓawon nan abinci ne a wurinsu. Wannan sanin ne ya sa Rita Colwell da abokan aikinta suka koya wa matan ƙauyukan Matlab na Bangaladash tace ruwan sha da tsohon zane da aka ninka aƙalla sau huɗu. Zanen ba ya tare ƙwayar kwalara ita kanta, ta fi ramukansa ƙanƙanta, amma yana tare halittun da take manne da su. Sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kashi 48 cikin 100 a ƙauyukan da suka riƙe wannan dabara.

Haɗa guba aiki ne mai cin ƙarfi, shi ya sa ƙwayar ba ta yin sa kullum. Maharbi ma ba ya shafa wa kibiya dafi sai ya ga sawun nama. Ƙwayar tana ɗanɗana abin da ke kewaye da ita, gishiri da zafi da sinadarin ƙarfe da sauransu, sannan ta kunna ko ta kashe sashen gadonta mai haɗa guba. A 2016 ɗakin binciken Kim Orth a jihar Texas ta Amurka ya nuna yadda parahaemolyticus ke gane ruwan maɗaciya. A jikinta akwai wasu sunadarai biyu da ke kama shi, kuma da zarar sun kama, ƙwayar ta san ta iso hanjin mutum, sai ta fito da wata 'yar allura da take tsira wa bangon hanji guba da ita. Ruwan maɗaciya da jiki ke zubawa don narkar da maiƙo, wanda kuma yake kashe wasu ƙwayoyin cuta, shi ne ya zama mata ƙararrawar fara aiki.

Kuma ba doka ɗaya ce ga kowace ƙwaya ba. Ƙwayar mashaƙo, cutar da ta addabi Kano da Yobe da yankin Damagaram tun daga ƙarshen 2022, tana zuba gubarta ne idan ta rasa sinadarin ƙarfe, abin da masana suka lura da shi tun shekarun 1930. Ita yunwa ke tunzura ta. Vulnificus kuwa ƙoshi ke haukata ta, kamar yadda za a gani nan gaba.

Darasin da manoman Asiya suka biya da tsada

A 2009 wata cuta ta ɓulla a tafkunan kiwon jatan lande na ƙasar Sin. Ta shiga Biyetnam a 2010, Maleshiya a 2011, Tailan a 2012, ta tsallaka Meziko a 2013. Cikin kwana 30 zuwa 35 da zuba 'ya'yan jatan lande, sai tafki ya mutu kusan ƙurmus. Tailan, wadda take samar da kimanin tan 600,000 a shekara, ta faɗo ƙasa da rabin haka zuwa 2014. An ɗauki shekaru ana zargin magungunan ƙwari da gurɓataccen iri kafin tawagar Donald Lightner ta Jami'ar Arizona ta tabbatar a 2013 cewa parahaemolyticus ce, wato ƙwayar da dama can tana cikin kowane tafkin ruwan gishiri. Abin da ya sauya shi ne wasu daga cikinta sun samu wani ɗan zoben gado da ƙwayoyin ke miƙa wa juna, mai ɗauke da umarnin haɗa guba biyu, PirA da PirB, waɗanda ke ruguza gaɓar da ke yi wa jatan lande aikin hanta da narkar da abinci. Wannan guba ta jatan lande ce, ba ita ce mai sa mutum gudawa ba, amma ta talauta dubban iyalai.

Abin da manoma suka fara yi shi ne abin da kowa zai yi: suka zuba sinadarin kilorin suka kashe duk wani mai rai a tafkin, sannan suka zuba taki da abinci suka sake zuba iri. A 2014 wasu masana uku na Jami'ar Ghent ta Beljiyam, Peter De Schryver da Tom Defoirdt da Patrick Sorgeloos, suka rubuta cewa wannan dabara na iya zama ita ke ƙara rura wutar. Hujjarsu mai sauƙin ganewa ce ga duk wanda ya taɓa noma. Idan aka ƙone gona ƙurmus, aka zuba mata taki, aka bar ta ba shuka, ƙarangiya ce za ta riga kowa fitowa. Tafkin da aka wanke tas ba shi da sauran ƙwayoyin da za su yi gasar abinci, ga kuma ragowar abinci da kashin jatan lande na taruwa a ƙasa. Parahaemolyticus na cikin ƙwayoyin da suka fi saurin hayayyafa a duniya, idan ta samu ɗumi da abinci takan ninka kanta cikin ƙasa da minti 15. Ita ce ke cinye filin.

Bayan shekara shida, a 2020, wasu masu bincike a wannan jami'ar suka nuna wani abin da ya fi wannan ban mamaki. Ƙwaya iri ɗaya, mai ɗauke da zoben gubar, idan yanayin ruwan ya sa ta dunƙule gungu-gungu maimakon yawo ɗai-ɗai, sai ta rage haɗa PirA da PirB sosai. Gadon gubar yana nan a jikinta, amma ta ajiye shi. Manoma da yawa a Asiya yanzu sun koma lura da abin da ke shiga tafki da abin da ke kwanciya a ƙasansa, suna haƙa rami a tsakiya don zuƙe dagwalo kullum, suna barin ƙwayoyi marasa illa su cika ruwan kafin a zuba iri.

A nan ne labarin ya biyo ta Fazzan. A yammacin Sabha, cikin tudun rairayin Ubari, akwai tafkunan gishiri irin su Gabrun da Ummul Ma da Mandara. Mutanen da suka zauna a bakinsu ɗaruruwan shekaru ana kiransu Dawada, daga kalmar Larabci ta tsutsa, saboda matansu na tace wata 'yar jar halitta daga ruwan da ƙyalle, a daka, a shanya, a ci da dabino. Maƙwabta sun raina su a kan wannan abinci. Gwamnatin Libiya ta kwashe su daga bakin tafkunan a shekarun 1980, kuma tafkin Mandara ya kusa ƙafewa gaba ɗaya. Halittar nan ba tsutsa ba ce, 'yar uwar jatan lande ce mai suna Artemia, kuma yau da ita ake ciyar da jariran jatan lande da na kifi a wuraren ƙyanƙyasa na duniya. Babban tafkin gishiri na jihar Utah a Amurka kaɗai yana samar da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwanta da ake sayarwa. Da ita kuma masu binciken Ghent ke gwada ƙarfin gubar Vibrio. Masu ƙyanƙyasa sun daɗe da sanin cewa ruwan da ake fasa ƙwan Artemia a ciki, mai ɗumi da gishiri da maiƙon da ke fita daga ƙwan, wuri ne da Vibrio ke cika maƙil idan ba a kula ba, daga nan ta bi 'ya'yan kifi zuwa duk inda aka kai su.

Tafki a tsakiyar ƙasa

Rahoton EFSA ya ce ruwan da ya fi haɗari ba shi ne mafi gishiri ba. Vulnificus ta fi son ruwa mai ɗan zartsi, tsakanin ruwan daɗi da na teku, idan zafinsa ya haura digiri 20. Shi ya sa tekun Baltik da bakin koguna suka fi damun Turawa, alhali Bahar Rum mai yawan gishiri ya ɗan fi sauƙi. Tafkunan Ubari sun fi teku gishiri nesa ba kusa ba. Amma ruwan rijiyoyi marasa zurfi a wurare da dama na Fazzan yana da zartsi, kuma idan aka tara shi a tafkin siminti ƙarƙashin ranar watan Yuli, zafinsa ya wuce abin da ƙwayar ke nema.

An taɓa ganin yadda irin wannan ke ƙarewa. A shekarun 1996 da 1997 likitoci a arewacin Isra'ila sun ga mutum 62 da hannuwansu suka kumbura, na wasu suka ruɓe, wasu har ƙwayar ta shiga jini. Ba a teku suka ɗauko ta ba. Ƙayar karfasa ce ta soke su, karfasar da aka yi kiwo a tafkunan cikin ƙasa masu ruwan zartsi. Da aka bi diddigi sai aka ga 'yan kasuwa sun daina sa kifin a ƙanƙara, sun koma sayar da shi da ransa, yana fizge-fizge a hannun mai saye, ga shi kuma an yi bazara mai tsananin zafi. Da hukumomi suka tilasta a sanyaya kifin kafin sayarwa, adadin masu kamuwa ya ragu, ko da yake bai ƙare ba.

Wannan ne ya kamata mai gona a Bawanis ya sani kafin ya zuba karfasa a tafkin ban-ruwansa, abin da ke da ma'ana ta fuskar kuɗi tunda ruwan da kifi ya zauna a ciki taki ne ga shuka. Ƙwayar ba ta fitowa daga rairayi, kawo ta ake yi, a cikin ruwan da aka ɗauko 'ya'yan kifi da shi ko a jikinsu. Ko za ta yi yawa har ta zama barazana, wannan ya danganta da abin da ake zubawa. Abincin kifi na da tsada, kuma hanya mafi arha ita ce a watsa kashin kaji da busasshen burodi da ragowar abinci. Duk abin da kifi bai ci ba yana nutsewa ya ruɓe, ya cinye iskar ruwan, ya zama tuwon ƙwayoyin cuta. Ƙa'idar masu kiwon kifi ba ta da wuya: a ba kifi abin da zai cinye cikin 'yan mintuna, a zuƙe dagwalon ƙasa a kai a kai, kada a cusa kifi fiye da ƙarfin tafki. Wahalar ita ce wanda ke yanke shawarar abin da za a zuba ba shi ne ke shiga ruwan ba. Mai gona yana Sabha, yaron gona ne ke tuɓe takalmi ya shiga kwasar dagwalo da ƙafa mai faso da hannun da ƙayar dabino ta sossoke.

Jinin da ke ciyar da ƙwaya

Jikin mai lafiya yana ɓoye sinadarin ƙarfe, yana ɗaure shi da wasu sunadarai yadda ƙwayar cuta ba za ta samu ba. Hanta ce ke riƙe da ragamar wannan aiki. Idan ta lalace, ƙarfen ya yi yawa a jini yana yawo a sake. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 1981 ya nuna cewa ana buƙatar miliyoyin ƙwayar vulnificus kafin ta kashe ɓera, amma idan aka yi wa ɓeran allurar ƙarfe, ƙwaya ɗaya tak na iya isa. A cikin mutane kuma, lissafin da aka yi a jihar Florida a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa mai ciwon hanta da ya ci ɗanyen naman ruwa ya fi mai lafiyayyar hanta haɗarin kamuwa kusan sau 80. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka kamu da ita ke mutuwa, wani lokaci cikin kwana ɗaya ko biyu.

Waɗannan alƙaluma na Amurka ne, amma sun fi dacewa da mutanen yankin Sahel. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kimanin miliyan 65 daga cikinsu a Afirka. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu cutar a jikin kashi 8.1 cikin 100 na manya. Mafi yawansu ba su sani ba, domin cutar takan yi shekaru tana cin hanta ba tare da alama ba. Sai kuma masu sikila da aka sha yi wa ƙarin jini: kowace leda tana shigo da miligiram 200 zuwa 250 na ƙarfe, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da shi. Masu ciwon suga ma suna cikin layin. Wannan ba dalili ba ne da zai sa mai juna biyu ta ajiye maganin ƙarin jinin da likita ya rubuta mata, ita ƙarancin ƙarfe ne matsalarta. Maganar ta shafi wanda ke sayen kwalaben maganin ƙarin jini a kemis duk lokacin da ya ji kasala, ba tare da an taɓa duba hantarsa ba.

A Libiya kuwa gwajin hanta ba maganar lafiya kaɗai ba ce. Ana neman takardar shaidar lafiya daga baƙin ma'aikata, kuma hukumar yaƙi da shige da fice ba bisa ƙa'ida ba takan sanar da cewa cikin waɗanda ta mayar gida akwai masu ciwon hanta. Sakamakon a bayyane yake. Mutumin da ya ci bashi ya biya kuɗin mota daga Agadas, yana da iyali a gida suna jiran aike, ba zai kai kansa inda za a ɗebi jininsa ba. Tsarin da aka yi don kare lafiyar jama'a ya zama dalilin da ya sa waɗanda suka fi buƙatar sanin halin hantarsu suka fi kowa gudun sani. 'Yan Nijar sun daɗe suna cikin baƙi mafi yawa a ƙasar, kuma su ne ƙashin bayan aikin gona a kudu.

Gargaɗin Turai ya fi karkata ga masu cin ɗanyen naman ruwa, wanda ba al'adar Bahaushe ba ce. Miyar da ta tafasa da kifin da ya soyu sun kashe Vibrio, kuma busasshen jatan landen da ake dakawa a zuba a miya ba shi ne abin tsoro ba. Ƙofofin da suka rage biyu ne. Ɗaya ita ce tire da wuƙa: kifin da ya yi doguwar tafiya daga gaɓa zuwa Sabha, aka ɗauke wuta firji ya saki, aka yanka shi, sannan aka mayar da soyayye kan tiren da ɗanye ya zauna. Ɗayar kuma ita ce rauni, ga mai gyaran kifi a kasuwa, ga mai aikin jirgin kamun kifi a Zuwara ko Misrata, ga mai kwasar ƙaguwar nan mai shuɗin ƙafa da ta mamaye gaɓar Tunisiya tun 2014 har masunta suka laƙaba mata suna Da'ish, ga kuma wanda ya hau kwale-kwalen roba fetur gauraye da ruwan teku ya sale masa fata.

Alamomin ba sa ɓuya. Wurin da ƙaya ta soka yakan kumbura ya yi ja cikin 'yan sa'o'i, da zafin da ya fi girman raunin, sai zazzaɓi, sai ƙuraje masu ruwa baƙi-baƙi su taso. Ba a jiran gari ya waye da irin wannan, ba a kuma ɗaure shi da toka ko man birki. Maganin yana samuwa, likitoci kan haɗa doxycycline da allurar ceftazidime ko makamanciyarta, wani lokaci sai an yanke naman da ya mutu. Amma dole a gaya wa likita abu biyu da ba lallai ya tambaya ba a garin da babu teku: cewa kifi ne ko ruwan tafki ya taɓa raunin, da kuma ko akwai ciwon hanta ko tarihin ƙarin jini. Wani nazari da aka yi kan marasa lafiya a Florida a shekarun 1980 ya nuna cewa cikin waɗanda ƙwayar ta shiga jininsu, kashi ɗaya cikin uku ne suka mutu idan an fara magani a kwanan farko, waɗanda kuwa aka wuce kwana uku ba a fara musu ba, babu wanda ya tashi. Daga Samnu zuwa asibitin Sabha bai fi tafiyar sa'a guda a mota ba, amma akwai shingayen bincike a hanya, kuma yaron gona da yawa ba su da takarda.